Hukuncin Tsare Kifaye da Dabbobin Teku Domin Kallo



Tambayar wannan mako ba ta gidan waya ta zo ba. A nan Kongo na same ta, bayan sallar La'asar, daga bakin wani Alhaji ɗan kasuwa na Tudun Wada wanda bai daɗe da komowa daga Umra ba. Ya ce mai masaukinsa na Jidda ya kai shi wani gida a bakin Bahar Maliya, sunansa Fakieh Aquarium, inda ya ga kifaye launi-launi a bayan gilashi, har da waɗanda suka fi mutum tsawo. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai, har ya yi niyyar ya sayo ƙaramin akwatin gilashi ya zuba kifaye a falonsa, kamar yadda ya ke gani a ofisoshin manyan ma'aikata. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Tambayarsa biyu ce: shin ya halatta a biya kuɗi a shiga irin wannan kallo? Shin ya halatta kuma a tsare abin da Allah Ya halitta a teku a cikin gilashi, ba don ci ba, ba don sayarwa ba?

Kafin mu shiga hukunci, ya kyautu mu san abin da a ke magana a kansa, tun da ya ke mu mutanen tudu ne, Kubanni da Galma su ne tekunmu. Gidan kallon kifi na farko da aka buɗe wa jama'a yana cikin gidan namun daji na Landan, a 1853. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa har ya kai inda hankali ba ya ɗauka. Wanda aka buɗe a Okinawa ta ƙasar Japan a 2002, kaurin bangonsa da a ke leƙe ta ciki ya kai santimita 60, don kada nauyin ruwa ya fasa shi. Na birnin Atlanta a Amurka, wanda aka buɗe a 2005, babban tafkinsa yana cin lita wajen miliyan 24. Na babbar kasuwar Dubai, wanda fatakenmu da yawa suka sani, an buɗe shi a 2008, ruwansa lita miliyan 10. Na Jidda da Alhaji ya gani, shi kuwa a 2013 ya fara aiki.

To, game da kallo, amsa ba ta da tsawo. Alƙur'ani mai girma ya yi ta kiran mutane su yi dubi cikin halitta don su gane Mahalicci, ya kuma ambaci teku a cikin ni'imomin da aka hore mana. Idan wurin babu wani abin ƙi, bai kuma shagaltar da mutum ga barin salla ba, kallon halal ne, kuɗin shiga ma halal ne. Su kansu Sahabbai sun yi mamakin dabbar teku. A shekara ta 8 bayan Hijira, rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrahu ta galabaita da yunwa a bakin teku, sai ruwa ya jefo musu wani ƙaton kifi da Larabawa ke kira anbar. Suka yi kwanaki masu yawa suna ci. Sa'an nan Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙashin haƙarƙarinsa, mahayi ya wuce ta ƙarƙashi bai taɓa shi ba. Wannan gwaji ba don ciki aka yi shi ba, don ganin ikon Allah ne.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Malamai sun gina amsarta a kan hadisai biyu, duka suna cikin Buhari da Muslim. Na ɗaya labarin Abu Umairu ne, ƙanen Anas ɗan Maliku, yaro mai ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrashe shi, bai kuwa tsawata wa gidansu a kan riƙe tsuntsun ba. Daga nan Ibnu Hajar da waɗansu suka ciro halaccin ajiye tsuntsu a keji. Na biyu shi ne na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Idan aka haɗa su, hukunci ya fito: tsarewa ta halatta, amma da sharaɗin ɗaukar nauyi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Akwai ma waɗanda suka ƙara tsanantawa, kamar Ibnu Aƙil na Hambaliyya, wanda ya ƙi jinin kulle tsuntsaye don jin daɗin kukansu kawai.

A nan ne na ke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin kifi ba kyanwa ba ne. Kyanwa in an buɗe mata ƙofa ta tsira. Kifin da ke cikin gilashi kuwa, ba abincinsa kaɗai ke hannunka ba, har numfashinsa. Ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan da lantarki ya ke aiki, mu kuwa mun san halin wuta a garuruwanmu. Kashin kifin yana zama guba a gare shi idan ba a tace ruwan, ba a kuma sauya wani sashi nasa a kai a kai. Maganin da a ke zuba wa ruwan famfo don lafiyarmu, shi lahani ya ke yi masa. Yawancin kifayen ado kuma 'yan ruwan ɗumi ne, hunturun Zariya na iya gamawa da su a dare guda. Ba gaiwa ba ne, balle ya shige taɓo ya ci jikinsa har damina ta faɗi. Na taɓa shiga wani ofis bayan hutun Salla na tarar da akwatin ya zama kore, kifaye uku sun taso sama ciki a waje, mai ofishin kuwa yana dariya yana cewa za a sayo waɗansu. Na yi masa nasiha, ban sani ba ko ta shiga.

Kada a zaci manyan gidajen na ƙasashen waje sun kuɓuta. A watan Disamba na 2022 wani dogon tafkin gilashi da ke tsakiyar wani otal a Balin ta Jamus ya fashe da asuba, ruwa lita miliyan 1 ya malala titi, kifaye wajen 1,500 kusan duk suka halaka. Wannan dai tsautsayi ne. Wanda ya fi damuna shi ne na ganganci. Akwai wata babbar dabbar teku mai baƙi da fari da Turawa ke kira oka, mai shayar da 'ya'yanta nono, mai tafiya da danginta nisan duniya kowace rana. An kama wata a 1970 aka sa mata suna Lolita, aka ajiye ta a birnin Miyami cikin tafki mai tsawon ƙafa 80 da faɗin ƙafa 35, alhali tsawonta ita kanta wajen ƙafa 20 ne. A ciki ta yi shekara 53, mafi yawansu tana yi wa 'yan kallo wasa, har ta mutu a watan Agusta na 2023. Ana dai ba ta abinci. Amma a ganina ƙoshi bai ɗauke sunan zalunci daga wannan aiki ba, domin shari'a ta hana azabtar da mai rai, ƙunci irin wannan kuwa azaba ne. Su ma Turawan sun fara farga: kamfanin SeaWorld ya daina hayayyafa wannan dabba a 2016, Kanada kuma ta yi doka a 2019 ta hana kamawa da hayayyafa irinta da dolfin domin nishaɗi.

Ba na cewa a rufe gidajen. Akwai masu jinyar kunkurun teku da ya ji rauni su mai da shi ruwa, akwai masu koyar da 'yan makaranta abin da littafi ba zai nuna musu ba. Ma'aunin dai shi ne a dubi dabbar a dubi wurin: ƙaramin kifi a wadataccen ruwa hukuncinsa dabam, mai keta tekuna a cikin kududdufi hukuncinsa dabam.

Shi kuwa Alhaji, abin da na ce masa shi ne: Alhaji, in kana da wutar da ba ta yankewa, da wanda zai kula da ruwan in ka tafi fatauci Kano ko Ikko, to sayo, amma kaɗan, kada ka cunkushe su. In babu, ka ɗauki yara ka kai su wajen masuntan Galma su ga tarwaɗa da karfasa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai fara tambayo kuɗin sola tukuna.

Wallahu a'alamu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.