Kukan Jariri Da Maganinsa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan wani abu wanda ba ya cikin darussan kwaleji, amma kuwa ba wanda zai tsere masa a cikinmu, watau kukan jariri. Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai a nan Zuba sun yi aure, waɗansu da goyo su ke zuwa aji, waɗansu malamanmu kuma har sun ga jikoki. Saboda haka na ga maganar ta shafe mu duka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na sauka wurin yayata a Gwagwalada, a wani gidan haya mai ɗaki takwas. Ina nan ta haifi ɗanta na fari. Bisa ga al'ada, gida ya kamata ta tafi wankan jego, ta yi kwana arba'in a gaban iyaye. Amma tsadar mota ta hana, sai Innarmu ta taso daga ƙasar Zazzau ta zo ta zauna da mu. Haka zaman Abuja ya ke. Tun da aka kawo babban birnin ƙasa nan daga Ikko a 1991, matasa su ke ta kwararowa neman abinci, suna haihuwa a Kubwa da Nyanya da Dei-Dei, nesa da tsofaffinsu. Wadda ta sami uwa kusa ta yi sa'a.

Mako biyu na fari yaron nan lafiya lau, daga shan nono sai barci. Da ya shiga na uku sai ya tsiro da kuka, kullum daga magariba har wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana naɗe ƙafafu yana miƙewa. Maƙwabta kowa da tasa. Wata ta ce baki ne, wata ta ce belu ne a kira wanzami, wata ta ce nonon uwar ne bai ishe shi ba. Mijin yayata ya ruga kantin magani ya dawo da kwalba biyu. Inna kuwa ta kwance ƙullinta ta jiƙa dauri a ƙoƙo.

Yayata ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, malamar asibiti ta ce kada a ba shi kome sai nono."

Inna ta ce, "Ashe? Ku bakwai na haifa, da wannan na raine ku. Ita malamar taku 'ya'ya nawa ta goya?"

Ba wanda ya tanka. Ni dai na tuna a raina cewa cikin bakwai ɗin nan mu biyar muka rayu, amma bakina bai iya faɗi ba. Can sai Inna ta ture ƙoƙon gefe cikin fushi, ta ce, "To, miƙo mini shi." Ta saɓa shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa har ya yi gyatsa, sa'an nan ta goya shi, ta ɗaure da majanyi, ta fita tsakar gida tana kai da kawowa tana yi masa waƙa a hankali. Kafin a yi minti goma sha biyar yaro ya yi barci. Washegari muka kai shi asibiti, da Inna da kwalaben nan biyu. Aka auna shi, aka duba shi, aka ce lafiyarsa ƙalau, kwalaben kuma kada a buɗe su.

Abin da na koya a daren nan shi na ke so in faɗa wa 'yan'uwa. Maganin kukan yana tare da Inna tun da fari, a hannunta da bayanta, ita kuwa tana tsammani a cikin ƙoƙon ya ke. A ganina abin da ya kamata gidajenmu su yi shi ne su riƙe hannun kaka kam-kam, su roƙe ta ta ajiye ƙoƙon.

Da fari dai mu sani kuka shi ne bakin jariri, ba shi da wata hanyar faɗin yunwa ko zafi ko kaɗaici sai ita. Likitocin yara sun daɗe da lura cewa kukan jariri ya kan ƙaru daga mako na biyu, ya kai ƙarshen yawansa wajen mako na shida, sa'an nan ya ragu da kansa a wata na uku ko na huɗu, kuma ya fi yawa da yamma. Tun a 1954 wani likita a Amurka, Morris Wessel, ya bayyana irin jariran da ke kuka fiye da awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku, alhali kuwa suna shan nono suna ƙiba. Watau yawan kuka kaɗai bai nuna uwa ta kasa ba, bai kuma nuna an yi wa yaro baki ba.

In jariri ya fara kuka, sai a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A fara da nono, gama sabon haihuwa ya kan nemi sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, don cikinsa ƙarami ne. A nan ina roƙon kakanni su sassauta kunyar ɗan fari, su ce wa yarinya da bakinsu ta ɗauki ɗanta ta ba shi, ko da a gaban surukai ne. In ya sha, a saɓa shi ya yi gyatsa. A duba tsummansa ko ya jiƙe. A taɓa ƙeyarsa a ji ko gumi ya ke yi, domin na sha ganin jariri cikin hular ulu da safa da bargo a zafin Gwagwalada na watan Maris, sa'ad da babba ma neman inuwa ya ke. In duk an duba ba kome, to, jiki ya ke so. A rungume shi, ko a kwantar da shi a ƙirji fata da fata, ko a goya shi a yi ta zagawa. In ya yi barci a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro.

Kada wani ya raina goyo ya ce aikin ƙauye ne. A 1986 waɗansu likitoci biyu a Kanada, Hunziker da Barr, suka sa waɗansu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu, sai aka tarar a mako na shida kukansu ya ragu da kashi 43 cikin ɗari. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya kuma, tun 1978 aka fara ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa don ɗumi, yau ga shi asibitocinmu suna koyar da haka. Abin da Turawa suka auna da agogo, kakanninmu sun san shi da majanyi.

Amma ƙoƙo fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a zubar da dakashi, kuma a ba shi nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a haɗa. Nono da kansa yawancinsa ruwa ne. In yaro yana jiƙa tsumma kamar sau shida a rana, yana kuma ƙara nauyi, nono ya ishe shi. Ruwan jiƙo kuwa, kome kyawun niyyar mai ba da shi, yana iya kawo zawo, ya kuma cika cikin da nono ya kamata ya cika. Zuma ma ba a ba yaro sai ya shekara. Wuƙar wanzami a maƙogwaron jariri tana iya jawo zubar jini da shigar cuta.

Kwalbar kanti ba ta fi ƙoƙo aminci ba. Masu manyan shekaru a cikinmu za su tuna da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka sami guba mai kashe ƙoda a cikinsa a ƙarshen 2008. Yara 84 aka ƙidaya sun mutu, waɗansu a Ikko, waɗansu a Ibadan, waɗansu a Zariya, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, so su ke yaro ya yi shiru ya huta. Don haka kada a ɗura wa jariri kowane magani sai wanda likita ya duba shi ya rubuta.

Akwai kuma kukan da ba na rarrashi ba ne, wanda tilas a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. In jikin jariri ya yi zafi har ma'auni ya nuna digiri 38, ko ya yi sanyi ƙalau. In ya ƙi kama nono. In numfashinsa ya yi sauri ƙwarai ko haƙarƙarinsa na lotsawa. In ya yi jijjiga. In idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya. In cibiya ta yi ja tana ruwa. In maɗigarsa ta kumbura. Ko ya yi laushi ba ya motsi. Waɗannan ba a jiran gari ya waye. Ga asibitocin unguwa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga Asibitin Ƙasa a cikin birni.

Saura magana ɗaya ga maza. Uwar da ta kwana uku ba barci, hankalinta na iya gushewa, uba ma haka. Kome zafin rai, kada a girgiza jariri da ƙarfi, gama wuyansa ba ƙwari, jini na iya zuba cikin ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. In ka ji ranka ya ɓaci, kwantar da shi wuri mai aminci, ka fita ka sha iska, ka kira wani ya karɓe ka. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta yarda a ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Hutun nan na riƙon yaro ne don mai jego ta runtsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wani zai ce, ke yarinya, wa ya aike ki gyara wa tsofaffi? Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A makarantar mishan da na yi an koya mana kiwon lafiya daga littafi, amma ba littafin da ya koya mini sa yaro barci kamar yadda na gani a wurin Inna. Tsofaffinmu sun yi amfani da abin da ke hannunsu a zamanin da asibiti ke da nisan kwana guda a ƙasa. Abin da ya kamace mu shi ne mu tafi da su asibiti ranar awo, su ji da kunnensu, a kuma yi musu magana da ladabi. Inna da ta ji daga bakin malamar asibiti, wadda ashe ita ma mai jikoki ce, ba ta sāke jiƙa dauri ba, har ta koma gida tana gaya wa maƙwabtanta.

Mu da za mu fita mu zama malamai, a ƙauyuka da yawa mu za a riƙa tambaya irin waɗannan abubuwa. Ya kamata mu san amsar tun muna nan. Yaron yayata yanzu yana tafiya da ƙafarsa. Allah Ya raya mana su duka, amin.