KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, a matso kusa. Mai karatu ya ɗaga murya don na baya su ji.

Lokacin zaɓe ya zo, masu zaƙin baki sun fito. Za ku ji ana cewa za a yi wa birni jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, irin na Turai, wai kuma gwamnati ba za ta kashe ko kwabo ba, 'yan kasuwa ne za su zuba kuɗinsu. Sunan abin "haɗin gwiwa". To, kafin ku yi tafi, ku ji yadda ta kaya a garin da aka fara irin wannan jirgi.

Birnin Landan na ƙasar Ingila ya buɗe nasa tun 1863. A 2003 gwamnatinsu ta damƙa gyaran hanyoyin jirgin da tashoshinsa a hannun kamfanoni biyu, Metronet da Tube Lines, bisa yarjejeniyar shekara 30. Magajin garin na lokacin, Ken Livingstone, ya ce bai yarda ba, har kotu ya je, bai yi nasara ba. Shi Metronet ɗin nan manyan kamfanoni biyar ne suka haɗu suka kafa shi. Da aiki ya tashi, sai su raba wa junansu kwangila. Mai saye shi ne mai sayarwa, to wa zai taya da rahusa?

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin kuɗin aikin ba daga aljihunsu ya fito ba, bashin banki ne. Kuma hukuma ta sa hannu cewa in abu ya ɓaci, ita za ta biya kashi 95 cikin 100 na bashin. Shekara huɗu kacal, a 2007, Metronet ya durƙushe. A 2008 gwamnati ta buɗe baitulmali ta fitar da fam biliyan 1.7 don a sallami bankuna. A 2010 hukumar sufurin birnin ta saye ɗaya kamfanin a kan fam miliyan 310. Aikin shekara 30 ya watse cikin bakwai.

Wannan fa Ingila ke nan, inda ake da masu bin diddigin kowane sule. Ina ga mu?

Kada wani ya ce maka wannan zancen mutanen birni ne, ba ruwanka. Da ruwanka, malam. Jirgin cikin garin Abuja, wanda ma a sarari yake tafiya, an ciwo masa bashin dala miliyan 500 daga bankin ƙasar Sin. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai sake ɗaukar fasinja ba sai 2024. Shekara huɗu jirgi na kwance, shi kuwa bashi ba ya barci. Daga asusun ƙasa ake biya, asusun da ya kamata ya kawo maka taki kafin damina, ya sa magani a asibitin garinku, ya gyara gadar da ke hana motar hatsi shigowa in ruwa ya sauka. Kai da ba ka taɓa ganin ƙofar jirgin ba, da guminka a ciki.

Mu ba mu ce kada birni ya samu jirgi ba. 'Ya'yanmu ne ke can ci-rani, mun san wahalar da suke sha a hanya. Abin da muka ƙi shi ne cinikin da riba ta ɗan kasuwa ce, faɗuwa ta talaka. In kuɗinsa zai sa, ya ɗauki asararsa kamar yadda manomi ke ɗaukar tasa in fari ya zo. In kuwa kuɗin jama'a ne, a faɗa a fili, a karanta yarjejeniyar a majalisa kowa ya ji.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ƙofar mai gari neman ƙuri'a, dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi: in kamfani ya gudu, wa zai biya? In ya soma kame-kame, ku bar shi ya gama, ku ba shi ruwa ya sha, ran zaɓe ku juya masa baya.