A daina haɗa bututun murhu da kwanon rufi

Jama'a, tun da kuɗin gas ya haura naira dubu a kilo, gidaje da yawa sun koma itace, kuma ba na ganin laifin kowa, mu ma'aikata mun san inda albashi yake tsayawa. Sai ga sabon yayi: murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi, a kafa shi cikin kicin, wasu ma har cikin ɗaki idan hunturu ya kama. Tunanin mai kyau ne, don hayaƙin itace ya daɗe yana cin idanu da ƙirjin iyayenmu mata. Abin da nake faɗa da shi shi ne ƙarfen da ake yin bututun. Kusan duk wanda na gani, ko dai kwanon rufi ne aka naɗe, ko farin bututun nan da masu walda ke kira galbanaiz.

Wannan farin da kuke gani yana sheƙi ba fenti ba ne. Zinki ne aka lulluɓe ƙarfen da shi don kada ruwan sama ya sa shi tsatsa. Don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. Masu sana'ar lulluɓa shi da kansu sun ce kada ya zauna a zafin da ya wuce digiri 200 na Salshiyas, don daga nan yake fara ɓarewa. A kusan digiri 420 yake narkewa. To gwiwar bututun da ke manne da murhu, idan aka cika itace aka hura, tana iya wuce wannan. Zinkin ya ƙone, ya tashi a farin hayaƙi, wanda ke tsaye a kan tukunya ya shaƙa.

Ku tambayi duk tsohon mai walda abin da ke biyo baya. Bayan 'yan awoyi, yawanci cikin dare, sai zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ƙirji ya riƙe, baki ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Likitoci sun san shi, zazzaɓin hayaƙin ƙarfe suke ce masa. Mu kuwa me za mu ce? Maleriya. A aika yaro kemis, a sha magani, kwana ɗaya ko biyu jiki ya sake, a ce ai maganin ya yi aiki. Gobe a sake hura wuta. Madarar gwangwani da masu walda ke sha wai tana wanke ƙirji kuwa, ita ciki take zuwa, hayaƙin yana huhu.

Na san abin da za a ce mini a ƙasa. "Malam, ai sau ɗaya yake ƙonewa, in ya ƙone shi ke nan." Gaskiya ne zazzaɓin nan ba kasafai yake kisa ba, kuma zinkin yana ƙarewa. Amma in ya ƙare me ya saura? Siririn kwano tsirara, wanda zafi da danshin hayaƙi za su cinye. Ya huje ta baya, ta wajen bango, inda ido ba ya kaiwa. Ta wannan huda iskar kabon monoksaid take dawowa ɗaki, ita da ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki a rufe. Wannan ce ke ba ni tsoro, fiye da zinkin nesa ba kusa ba.

Ga kuma gobara. Ɗanyen itace yana tara baƙin maiƙo kamar kwalta a cikin bututu. Ranar da ya kama, zafinsa yana iya haura digiri 1000. Kwanon da ya riga ya ruɓe ne zai riƙe wannan, kuma an ratsa shi ta jikin silin da katakon rufi? Haba.

A Amurka, inda ake ɗumama gidaje da murhun itace, ƙa'idar kashe gobara ta hana haɗa irin wannan murhu da bututun galbanaiz, ta kuma ce bututu mai bango ɗaya ya yi nesa da duk abin da ke cin wuta da inci 18. Ba don sun fi mu son rai ba ne, sun dai rubuta ne kuma suna bi. Mu a nan, wa ke duba abin da ake ƙerawa a bakin titi? Har masu raba murhu da sunan tallafa wa mata, ana ɗaukar hoto ana tafi, ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi irin ƙarfen da aka yi bututun da shi ba.

Su ma masu walda ba na wanke su. Kai da ka taɓa kwana kana rawar ɗari saboda hayaƙin nan, da wane ido za ka naɗa wa matar wani shi a kicin, don kawai ya fi araha kuma yana sheƙi?

Wanda zai yi, ya nemi baƙin ƙarfe mai kauri ko sitenles. Galbanaiz ya tsaya a hular da ke can sama tana tare ruwa. Inda bututu zai ratsa rufi a bar tazara, a ƙona busasshen itace, a riƙa kakkaɓe cikinsa, kuma ko ana sanyin Jos a bar taga. Wanda ya riga ya kafa na kwano, ya haska bayansa da tocila yau, in ya ga farin gari ko huda ya cire.