Tsohon Baka da Sabuwar Tsirkiya

Bahaushe ya san baka tun kafin ya san bindiga, kuma kalmomin sana'ar suna nan da ransu a bakinmu: tsirkiya, kibiya, kwari, 'yan baka. Sai dai bakan da zan yi magana a kansa a wannan mako daban yake da na maharbanmu, wanda ake sassaƙawa daga itace guda a ɗaura masa tsirkiyar fata. Ina nufin bakan nan mai tanƙwararrun kawuna da aka riƙa ƙerawa a Amurka daga shekarun 1950 zuwa na 1970, zamanin da kamfanonin Bear da Ben Pearson da Hoyt suke cin kasuwarsu. Masana'antar Fred Bear ta zauna a garin Grayling na jihar Mishigan har zuwa 1978, kafin a mayar da ita Fulorida, kuma bakunkunan da ta fitar a can har yau suna yawo hannu zuwa hannu a matsayin gwanjo. Duk wanda irin wannan baka ya faɗo hannunsa, da wuya ya same shi da tsirkiya mai rai, don haka sayayyarsa ta farko ita ce za ta iya zama ajalin bakan.

Sai an san ƙirarsa kafin a gane dalili. Kowane hannu na bakan, na sama da na ƙasa, siraran falle ne na katako da aka manne da gam a tsakanin falle biyu na faiba. Idan maharbi ya ja ya saki, yawancin ƙarfin da ya tara yakan tafi da kibiya, ragowar kuwa ya dawo kan bakan a daidai lokacin da tsirkiya ta miƙe ta tsayar da hannuwan cak. A kan kawunan nan biyu, inda aka yi 'yar tsagar da tsirkiya ke zama, duka yake sauka.

Maƙeran wancan zamani sun yi lissafinsu ne a kan zaren Dacron, wanda aka fi sani da lambar B-50. Zare ne mai ɗan ba da kai: yakan miƙe kaɗan idan duka ya zo, ya shanye wani kaso nasa. A shekarun 1980 aka fito da Fast Flight, sannan danginsa suka biyo baya, zaruruwan da kusan ba sa miƙewa sam, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Babu musun cewa sun fi aika kibiya da sauri. Amma bakunkunan da aka ƙera dominsu an ƙarfafa musu kawuna da wani falle mai tauri, abin da yawancin tsofaffin ba su da shi. Ɗaura wa tsohon baka irin wannan tsirkiya tamkar ɗora wa dattijo kayan saurayi ne. Tana iya cin tsagar kai a hankali kamar zarto, ko ta raba katako da faiba. Baka kuwa idan zai karye, a cike da ja yake karyewa, kusa da idon mai shi.

Na san akwai masu cewa sun yi shekaru suna harbi da zaren zamani a tsohon baka ba tare da wata illa ba, musamman idan aka ƙara wa madaukan tsirkiyar kauri. Ban ƙaryata su ba. Abin da nake tambaya shi ne, me aka samu, me kuma aka jinginar? Ribar 'yan ƙafafu kaɗan ce a daƙiƙa, ga kibiyar da dama take cin ƙafa ɗari da wani abu. Jinginar kuwa baka ne mai shekara hamsin ko sittin wanda ba za a sake ƙera irinsa ba. A ganina wannan ciniki bai faɗa ba. Dacron za a saya, B-50 ko ƙaninsa B-55.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Tsawon bakan yana rubuce a jikinsa, kamar inci 58 ko 60, tsirkiyarsa kuma takan gaza haka da inci 3 zuwa 4. Bakan da nauyin jansa ya kai laba 45, wato kimanin kilo 20, sili 12 zuwa 14 sun ishe shi. Sabuwar Dacron takan saki jiki a kwanakin farko, sai a riƙa murɗa ta har tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta zauna, galibi wajen inci 7 zuwa 8. A riƙa shafa mata kakin zuma. Kada a harba kibiya marar nauyi, kada kuma a saki tsirkiya babu kibiya, ko da wasa.

Maganar sauya hannuwa ta fi sarƙaƙiya. Idan bakan ƙirar jiki ɗaya ne, babu abin sauyawa: hannu ya tsage, bakan ya zama kayan ado na bango. Wanda ake kwancewa gida uku, mariƙi da hannuwa biyu, shi ke da magani, amma ba kowane hannu ke shiga kowane mariƙi ba. Bakan kwancewa da Fred Bear ya fitar wajen 1970 yana da sakata irin tasa, ba ya karɓar na wani kamfani. Wasu kuma da kusoshi masu zare ake ɗaure su, kowane kamfani da tazarar ramukansa da kusurwar da hannu ke kwanciya. Tsarin bai-ɗaya da ake kira ILF ya samo asali ne daga ƙirar Hoyt ta shekarun 1980, saboda haka mariƙin da ya girme shi ba ya cin moriyarsa. Dillali zai iya cewa ramukan sun yi daidai, alhali kusurwar ta saɓa, sai nauyin ja ya canza, ko hannun ya riƙa cin wahala a inda ba a ƙera shi ya ci ba. Araha ba ta ado. A nemi na kamfanin da na samfurin, ko a kai mariƙin ga ƙwararren maƙerin baka ya auna.

Hannuwa biyun a tare ake sayensu, domin tagwaye ne da aka daidaita tun daga masana'anta. Ina kuma ba da shawarar a sauko da nauyi maimakon a hau. Lambar da ke jikin hannu an auna ta ne a jan inci 28, kuma kowane ƙarin inci yana ƙara laba biyu zuwa uku. Dogon mutum ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗi. Idan hannuwan ma gwanjo ne, a goga musu auduga daga kai zuwa gindi: duk inda ta maƙale, faiba ta fara tashi. A hanga su ta tsawonsu a ga ko ɗaya ya murɗe.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mai irin wannan baka a ƙasarmu. Gam ɗin da ya riƙe shi tsoho ne, zafi kuma shi ne babban maƙiyinsa. Wuni ɗaya a cikin rufaffiyar mota a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri ya isa ya sassauta abin da ya jure shekaru hamsin a sanyin Mishigan. Idan an gama harbi a sauke tsirkiya da igiyar ɗauri, ba da taka bakan da ƙafa ba, a kwantar da shi a kan ƙusa biyu a ɗaki mai inuwa, nesa da rufin kwano.