A Daina Ɗaure Tiyon Man Babur Da Roba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana masu babura da kanikawanmu na ƙauye a kan wata ɗabi'a da ta kusa raba ni da raina da jarina.

Ni ɗan tireda ne, da babur nake bin kasuwanni. Bara na sayi wani babur na hannu irin na zamani, wanda ba shi da kafireta, sai abin da ake ce wa injekta. Ana nan sai ya fara warin fetur, kuma da na ja totur sai ya shaƙe ya mutu. Na kai shi wajen wani bakanike a garinmu, ya canja filogi, ya karɓi kuɗinsa. Da abin ya ƙi, na koma. Yaronsa ya sa sukundireba ya ɓamɓare mahaɗin da ke tsakanin tanki da tiyon mai, ɗan kunnensa ya karye, sai ya yanko robar tsohon tif ya naɗe wurin, ya ce, "Alhaji, an gama."

Ranar wata Alhamis ina kan hanyar kasuwar Maigatari da kwalayen sabulu da ashana a baya, sai na ji ƙafata ta yi sanyi. Ko da na duba, fetur ne ke tsartuwa a kan injin da ya ɗau zafi. Na kashe makulli, na yi tsalle gefe. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanana a gaba.

Wani dattijon bakanike a Gumel shi ya warware mini matsalar, kuma abin da ya koya mini nake so jama'a su ji. A baburan da muka saba da su, mai gangarowa yake yi da kansa daga tanki zuwa kafireta, shi ya sa in tiyo ya tsage sai dai ya riƙa ɗiga. Amma mai injekta akwai famfo da ke tura man da ƙarfi, har ya fi ƙarfin iskar da ke cikin tayar babur ɗin. To, ina robar tif za ta iya da wannan? Shi kuwa mahaɗin, an yi shi ne a cire da yatsu, a mayar da yatsu. A cikinsa akwai ɗan zoben roba da ke hana yoyo, da 'yan kunnuwa da ke riƙe shi. Ashe nawa tun farko zoben ne ya bushe ya tsage, man yana zurarewa, ƙarfinsa ya ragu kafin ya kai ga injin. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ga yadda ya ce a duba shi. Da farko a bari injin ya huce, a tsaya a fili nesa da murhu da masu shan taba. A goge wurin da tsumma ya bushe, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Za a ji famfon ya yi 'yar ƙara, sai a duba inda danshi ya fara fitowa. In daga bakin mahaɗin ne, galibi zoben ne. In daga jikinsa ne, ya tsage ke nan, babu wani magani sai sabo. In babu yoyo amma babur yana shaƙewa, a duba ko mahaɗin bai zauna daidai ba ne, ko tiyon ya lanƙwashe, ko matatar mai ta toshe da datti.

Kafin a cire shi, a zare wayar famfon, a tayar da babur har ya mutu da kansa, don ƙarfin man da ke cikin tiyo ya sauka. Sannan a kashe makulli, a cire kan batir, a rufa tsumma, a matse kunnuwan da yatsu a ja a hankali. Zoben da za a sa ya zama na fetur ne kuma daidai girman na da, domin roba ta gama-gari kumbura take yi ta lalace a cikin mai. Wajen mayarwa a tura har sai an ji ya ce ƙas, a ɗan ja shi a tabbatar ya kama.

Wani zai ce ai irin wannan babur bai yi yawa a ƙauye ba. Gaskiya ne, amma yana tafe. Ko a Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, tun watan Afrilu na 2020 dokar rage hayaƙi ta sa galibin sababbin babura sun koma injekta. Kuma ko mai kafireta, ɗaure tiyonsa da leda ganganci ne, tunda ɗigon a kan injin mai zafi yake sauka. Balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, wa ke da fetur ɗin shayar da ƙasa?

Don haka ina kira ga kanikawa, in aka kawo muku abin da ba ku sani ba, ku faɗi gaskiya, ba abin kunya ba ne. Shugabannin ƙungiyoyinsu su nemo masu sani su koya wa yara wannan aiki. Masu sayar da kayan gyara su riƙa kawo zoben da mahaɗin masu kyau. Mu kuma masu babura mu daina cewa "a lallaɓa mini in je in dawo." Warin fetur gargaɗi ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Gumel, Jihar Jigawa.