Fatin Yara Na Kirsimeti: Kada Kuɗi Ya Tsare Ƙofa



Kowace shekara, da zarar an yanke dawa an kai dammuna rumbu, hirar iyaye a ikilisiyoyinmu na ƙauye takan koma wuri guda. Ko a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada, ko a wurin sussuka, ko a gaban tela, maganar ke nan: me za a yi wa yara ran Kirsimeti? Wannan uwa tana tambaya nawa malaman Makarantar Lahadi suka yanka wa kowane yaro bana. Waccan tana cewa nata uku ne, ga kuma marayan ƙanenta da take riƙo, to da wanne za ta fara? Wata ta ji an ce sai da anko, kuma wanda bai biya ba ba za a ba shi ledar biskit ba. Maza kuma suna gefe suna lissafin buhun da za a fitar. Ana yin hirar nan cikin raha da dariya, amma duk wanda ya kasa kunne sosai zai ji damuwa a ƙarƙashinta. Mun ga ya kamata maganar ta tashi daga bakin ƙofa ta shiga taron dattawa.

Bari mu fara da cewa ba mu tare da masu cewa a soke fatin yara gaba ɗaya, wai don al'adar birni ce. Ku tuna inda 'ya'yanmu suke girma. A ƙauyukan ƙasar Bichi, da Dambatta, da Tsanyawa, da Kunchi, da Bagwai, mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar jama'a mai yawa. Sau biyu a shekara yaronmu yana ganin gari ya cika da sababbin riguna, da lalle, da yawon Sallah, abokan wasansa suna tara goron Sallah gida gida. Yana taya su murna, yana cin tuwon Sallah da naman layya da maƙwabta suka aiko, amma ya san ranar ba tasa ba ce. Tasa guda ɗaya ce, 25 ga Disamba. Yaro ɗan shekara 5 bai san tauhidi ba, bai san tarihin ikilisiya ba, abin da ya sani shi ne akwai ranar da mutanensa su ma suke ado, su yi waƙa, su ci shinkafa, kuma shi ma yana ciki. Wannan tunawa tana bin mutum har tsufa. Da yawa cikinmu, idan an tambaye mu abin da ya fara ɗaure zuciyarmu ga gidan Ubangiji, ba wa'azi za mu ambata ba, za mu ambaci ranar da aka sa mana zane a kai muka fito a matsayin makiyaya a wasan kwaikwayo.

To, saboda ranar guda ce, shi ya sa hana yaro ita ya fi ciwo. A babbar ikilisiya ta Sabon Gari cikin Kano, yaron da bai je fati ba zai ɓace cikin ɗaruruwa, ba wanda zai lura. A ikilisiyar da yaranta duka ba su wuce cikin aji ɗaya ba, kowa ya san wanda ya tsaya a bayan danga yana leƙe, kowa kuma ya san gidan da ya fito. Uwarsa ma ta sani. Akan sami matar da za ta daina zuwa Zumuntar Mata makonni da dama kafin Kirsimeti, ba don rashin lafiya ba, sai don kada a tambaye ta kuɗin anko a gaban jama'a. Mu da muke kukan cewa ana mayar da mu saniyar ware a wurare da dama, bai dace mu koya wa ƙananan yaranmu wariya a cikin harabar majami'a ba.

Akwai kuma waɗanda suke biya, amma da me? Nan ne ya kamata dattawa su buɗe ido, gama su manoma ne, sun fi mu sanin lissafin. Ƙasarmu ta cika da jama'a, gona tana jingine da gona, gado ya rarraba ta har wani magidanci abin da yake nomawa da ƙyar ya kai shi damina. Kirsimeti kuwa yana zuwa daidai lokacin da hatsi ya fi araha a shekara. A lokacin ne 'yan kasuwa suke bin kasuwannin ƙauye suna saye, su tara a rumbunan Dawanau, su jira. Buhun geron da uba ya sayar a Disamba don atamfa da takalmi da lemon kwalba, shi ne zai sake saye kwano kwano a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa, kuma sau da yawa da tsada fiye da yadda ya sayar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na kayan shago suka haura. A 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi alhali takin zamani bai sauko ba. Ko ta ina aka juya, manomi ne a ƙasa. Sa'an nan mako biyu bayan biki makarantu su koma zango na biyu, a ce a kawo kuɗin makaranta da na littafi. Mun sha ganin yaron da ya yi ado ran Kirsimeti yana zaune a gida cikin Janairu da sabon takalminsa.

Ba laifin iyaye muke gani ba. Kowace uwa tana so ɗanta ya fito kamar 'ya'yan kowa. Yanzu ga waya a hannun matasa, yara suna kallon bidiyon fati na Legas da Abuja, da kek mai hawa uku da balan-balan da wani mai jar hula da farin gemu yana rabon kyauta. Ga 'yan'uwanmu da suke aiki a Kano da Kaduna da Jos suna zuwa gida hutu da 'ya'yansu cikin kaya masu ƙyalli. Malaman Makarantar Lahadi kuma, yawancinsu matasa ne masu himma waɗanda ba a biyan su ko sisi, an bar musu aikin ba a ba su komai ba, to ina za su samo kuɗi in ba su yanka wa yara ba? Kuskuren yana wurin ikilisiyar da take tsara kuɗin rufin majami'a, da na taron gunduma, da na baƙon mai wa'azi, amma ta ɗauki bikin yara kamar ƙaramin abu da ba ya bukatar zama.

Shi wannan mai jar hula ma da ake kira Baba Kirsimeti, yana da kyau iyaye su san asalinsa. Al'adar ta samo tushe daga Nikolas, bishop na garin Mira a ƙarni na 4, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Labarin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne na wani matalauci mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa kuɗi cikin gidan a ɓoye don kada mutumin ya ji kunya. Watau abin da ya fara da rufa wa matalauci asiri, shi ne ya zama a biya kuɗin shiga kafin yaro ya karɓi alewa. Iyalin da muke bikin saboda su kuwa, duk mai karanta Luka sura 2 zai ga cewa hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali ta tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Da suna zaune a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, suna cikin waɗanda kuɗin anko zai gagara.

Shawararmu ita ce bikin yara ya zama na ikilisiya duka, a ɗauke shi daga kan kowane yaro. Lokacinsa kuma ba mako na uku na Disamba ba ne, lokacinsa ranar godiyar kaka ce, sa'ad da hatsi yake hannu, kuɗi kuwa babu. Daga cikin abin da aka kawo gaban Ubangiji a ranar, dattawa su ware kason yara tun kafin a sayar da sauran. A ce ikilisiya tana da gida 30, kowane gida ya ƙara kwano ɗaya na abin da ya noma, wannan gero, wancan wake, wani gyaɗa, wani riɗi, wata zoɓorodo. Masu noman rani a bakin madatsar Watari ko ta Tomas su kawo shinkafa da tumatir da albasa. Wanda ba shi da ko kwano ɗaya ya kawo kara ko ya ɗebo ruwa, kuma kada a rubuta sunan kowa a allo. Da wannan za a yi waina, da ƙosai, da kunun gyaɗa, da zoɓo, da kantu, har yara su ci su bari. 'Yan'uwa na birni da Allah ya buɗa wa, maimakon kowa ya saya wa 'ya'yan gidansu kaɗai, su sa biskit da alewa da shinkafa a hannun ma'aji, a raba daidai. Nama kuma, watanda ba sabon abu ba ne a wurinmu. In magidanta sun haɗa kuɗi sun sayi sa ko akuya, a fitar da kashi ɗaya na yara da gwauraye kafin a raba. Dattawanmu da suka ga zamanin da mishan na SIM suke zaune a Tofa da Roni suna ba da labarin yadda masu bi daga ƙauyuka suke haɗuwa wuri guda, kowa da ƙunshin hatsinsa a ka. Ba su san kalmar fati ba, amma ba a koma da yaro gida da yunwa ba.

Anko kuwa, a ganinmu a bar shi ga manya masu so. Yaro ƙarami da za a saya wa abu guda a shekara, rigar sanyi ta fi masa amfani a wannan hunturu da mura da tari suke kama yara. In ana so yara su yi kama da juna ran wasan kwaikwayo, tsofaffin zannuwan iyaye mata sun isa su mayar da kowane yaro makiyayi ko mai hikima daga gabas, kuma haka aka yi mana.

Sai maganar maƙwabta. A yawancin gidajenmu maƙwabcin nan Musulmi ba baƙo ba ne, kawu ne, ko goggo, ko ɗan wa. Al'adar aika musu abinci ran Kirsimeti, kamar yadda suke aiko mana da Sallah, tana cikin abubuwan da suka riƙe zaman lafiya a ƙauyukanmu, kuma yara ne 'yan aiken. Kada fati ya cinye wannan. A ba mahauci ko maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar domin kowa ya ci da kwanciyar rai, a zuba a kwano mai kyau, a sa yaro ya kai ya durƙusa ya gaishe da mutanen gida. Yaran maƙwabta za su taru don kallo, wannan ba makawa, kuma bai kamata a kore su ko a ci a gabansu a hana su ba. Amma a yi hankali: kada a ja yaron kowa cikin majami'a ba da sanin iyayensa ba. A miƙa masa rabonsa a fili, inda kowa yake gani. Abin da aka yi da kyakkyawar niyya yana iya zama abin magana idan ba a bi ta hannun iyaye ba.

Muna da magana da maza kuma. A gidaje da yawa, uwa takan tashi tun asuba ta hura wuta, ta yi wa yara wanka, ta yi kitso, ta soya, ta tuƙa, ta raba, har sujadar Kirsimeti ta wuce ta ko ta zo ana albarka. Maigida ya sa babbar riga ya zauna a inuwa yana karɓar gaisuwa. Da yamma kuma wasu su ɓace sai dare, su dawo da warin abin da bai kamata yaro ya ji a bakin ubansa ba. Yaron da ya girma yana ganin haka, abin da zai koya game da Kirsimeti ke nan. Ɗebo ruwa, da faskare, da kai niƙa, da riƙe na goye sa'ad da uwa take gaban murhu, ba su rage wa kowa girma. Masu tafiya cin rani kuma, in da hali a jinkirta tafiyar zuwa bayan biki, ko a yi ƙoƙarin dawowa. Yaro yakan manta abin da aka aiko masa, amma yana tuna ko Baba yana nan.

Game da lokaci, a yi komai da rana a gama kafin faɗuwar rana. Hare-haren da aka kai a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa ta wajen iyakar Katsina a ƙarshen 2025 sun isa su sa mu daina tara yara da dare, balle a sallame su su bi hanyar gona cikin duhu. Abin wasan nan mai fashewa da yara suke kira nokawut a hana shi sam, gama ƙararsa tana tsorata gari, ga kuma kara da ciyawa a bushe ko'ina. Hayar janareta da manyan sifiku ma ba dole ba ne; muryoyin Zumuntar Mata da tulunsu da ganga sun isa.

Abu guda da muke roƙon kowane fasto da mai bishara ya yi tun yanzu shi ne ya zauna da malaman Makarantar Lahadi da shugabar mata su ƙidaya yaran ikilisiya gida gida, ba daga rajistar masu zuwa kowace Lahadi kaɗai ba. A sa da marayu, da 'ya'yan riƙo, da na gwauraye, da yaran da suka daina zuwa saboda ba su da takalmi, da waɗanda uwarsu ce kaɗai mai bi. Da wannan lissafi za a san yawan wainar da za a soya, kuma ran 24 ga wata a aiki 'yan Brigade su bi gidajen nan su faɗa wa kowane yaro da sunansa cewa gobe ana jiran sa.