Kalmarmu ta Wannan Wata: Minista

Kalmar da za mu duba a wannan wata ita ce "minister", wadda Bahaushe ya lanƙwasa ya ce minista. Da an ambace ta sai mu tuna da babbar riga da jerin motoci da jiniya. To, amma ba haka asalinta ya nuna ba.

Daga Latin ta fito, harshen Romawa na dā. A wurinsu "minister" bara ne, mai hidima a gidan wani. Tushenta shi ne "minus", wato abin da bai kai wani girma ba. Kishiyarta ita ce "magister", wato babba, wadda ta haifi "master" da muke ji a cikin hedimasta. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekara ta 1300.

A Turanci tana da ma'ana uku. Akwai ministan gwamnati, wanda aka fara kira haka domin shi baran sarkin Ingila ne. Akwai mai hidimar ikkilisiya, wato fasto. Akan kuma mai da ita aikatau, a ce mutum yana "minister" ga marar lafiya, wato yana jinyarsa. Duk ukun hidima ce.

Mutanen ƙasar Sakkwato sun san irin wannan muƙami tun kafin zuwan Turawa. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa kuma wazirinsa, Abdullahi, yana kusa da shi a Boɗinga. Malaman Larabci suna danganta kalmar waziri da ɗaukar kaya, har yau kuwa da ita Larabawa suke kiran minista.

In muka wuce Boɗinga muka yi kudu, sai Shagari, inda aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Malamin makaranta ne, aka zaɓe shi majalisar wakilai a 1954, ya zama minista a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, har soja suka yi juyin mulki a Janairu 1966. Rana ɗaya muƙamin ya tafi, ya koma gida ya ci gaba da aikin ilmi. Daga baya ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ashe muƙami rigar aro ce.

Me ya shafe mu a gida? Da yawa muna yi wa 'ya'yanmu fatan zama minista domin mu huta. In yaro ya tashi da wannan tunani, ranar da ya samu kujera aljihunsa zai fara cikawa, asibitin garinsu kuwa ba magani. Gara mu gaya masa ainihin ma'anar kalmar, mu kuma koya masa ɗebo wa tsohuwa ruwa tun yana ƙarami. Hausawa sun ce babba juji ne.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.